Terahaz da buhun takin Kafur: ina wannan fasaha za ta amfani manomi?

Duk shekara idan ruwan farko ya sauka a Kafur, shagunan kayan noma kan cika da mutane. Manomi daga Gozaki ko Masari ko Mahuta zai sayar da akuya ko ya ci bashi, ya sayi irin masara da maganin ciyawa da buhun taki. A lokacin da yake biyan kuɗin ba shi da hanyar sanin ko abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta a jikinta. Sai bayan sati biyu ko uku, idan ciyawa ta ƙi mutuwa ko shuka ta fito a tsinke, zai gane an sayar masa da jabu. A lokacin kuwa damina ta yi nisa, kuma ba ta jiran kowa.

Wannan matsala ce ya kamata matashin yankin Funtua da Malumfashi ya riƙe a zuciya duk sanda ya ci karo da labarin terahaz, fasahar da ake ta yayatawa a matsayin ƙashin bayan 6G. Galibin labaran gudu suke zuzutawa: fim a cikin ƙiftawar ido, intanet mai ninka na yau sau ɗari. Amma wanda ya duba yadda fasahar take aiki zai ga cewa gudun nan ba zai iso ƙarfen sabis na Kafur nan kusa ba. Ɓangaren da zai iya taɓa rayuwar manomi shi ne mafi ƙanƙanta a cikinta: ɗan tambarin rediyo da ake manna wa kaya. Shi ma ɗin yana da sharuɗɗa masu nauyi.

Mene ne terahaz?

Duk sadarwar da ba ta amfani da waya tana tafiya ne a kan igiyar rediyo, kuma abin da ke bambanta wata igiya da wata shi ne yawan kaɗawarta a daƙiƙa ɗaya. Tashar Freedom Radio ta Kano tana kan 99.5, ma'ana igiyarta tana kaɗawa sau miliyan 99.5 a daƙiƙa. Wi-Fi na gida yana aiki a gigahaz 2.4 da 5, wato sau biliyan 2.4 ko biliyan 5. 5G ɗin da kamfanonin MTN da Mafab suka yi nasarar sayen lasisinsa a gwanjon hukumar NCC a Disambar 2021, kowannensu a kan dala miliyan 273.6, yana kan gigahaz 3.5.

Terahaz ɗaya gigahaz 1,000 ne, kaɗawa sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa. Injiniyoyi kan kira duk zangon da ke tsakanin gigahaz 100 da terahaz 10 da wannan suna. Yana zaune ne tsakanin igiyoyin rediyo da aka saba da su da kuma hasken da ido ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ke amfani da shi. An daɗe ba a cin moriyar wannan zango, domin ya yi wa na'urorin lantarki sauri da yawa, kuma ya yi wa na'urorin haske ƙasa da yawa.

Abu biyu suka sa ake rububinsa yanzu. Na farko fili: zangon da ke ƙasa ya cunkushe kamar kasuwar Dandume ranar cinta, sama kuwa hanya ce mai faɗi da ba kowa a kanta. Na biyu girman eriya. Tsawon eriya yana bin tsawon igiya ne. A megahaz 900 igiya ɗaya ta kai kusan santimita 33, amma a gigahaz 300 milimita ɗaya ce kacal. Ke nan ana iya zana eriyar gaba ɗaya a kan cip, wato ɗan guntun silikon ɗin da masu gyaran waya ke kira aisi.

Hukumomi sun riga sun fara share fage. A 2017 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 802.15.3d domin zangon gigahaz 252 zuwa 325, da gudun da zai kai gigabit 100 a daƙiƙa. A wannan gudu, wayar da ke ɗaukar gigabait 128 za ta cika a kusan daƙiƙa goma. A Maris 2019 hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta buɗe zangon gigahaz 95 zuwa terahaz 3 domin gwaje-gwaje. A ƙarshen wannan shekarar kuma babban taron rediyo na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar ya ware wasu sassa tsakanin gigahaz 275 da 450 domin sadarwa.

Me ya sa ba zai hau ƙarfen sabis ba?

Igiyar terahaz ba ta da ƙarfin tafiya mai nisa. Tururin ruwa da ke cikin iska yana shanye ta, musamman a wasu wurare kamar gigahaz 183 da 325 da 557. Tana ratsa takarda da leda da tufafi, amma ruwa da ƙarfe suna tare ta, katanga ma tana kashe ta. Jikin mutum, da yake akasarinsa ruwa ne, ya isa ya katse ta idan ya gitta.

A Afrilun 2024 kamfanonin Japan huɗu, NTT Docomo da NTT da NEC da Fujitsu, sun sanar da gwajin da suka aika gigabit 100 a daƙiƙa a zangon gigahaz 100 da 300. Nisan da suka kai shi ne mita 100, tsawon filin ƙwallo. Babbar nasara ce a fagen bincike, amma a yankin da ƙauyuka ke da tazarar kilomitoci a tsakaninsu, kuma ƙarfen sabis ɗaya ke ɗauke da garuruwa da yawa, mita 100 ba ta kai ko bakin gari ba. Ƙara da ruwan Agusta da ganyen masara da ya rufe gonaki, lissafin sai ya ƙara lalacewa.

Karkara tana buƙatar akasin wannan: zango na ƙasa, irin su megahaz 700 da 800, masu tafiya nesa su shiga ɗakin ƙasa. Ko 5G ɗin da MTN ta ƙaddamar a 2022 da manyan birane ta fara, irin su Legas da Abuja da Kano. 6G kuwa, wadda hukumar sadarwa ta duniya ITU ke kira IMT-2030, sunanta ma ya nuna shekarar da ake sa ranta. Duk ɗan kasuwar da ya nuna wa mutum waya yau ya ce tana da 6G ko terahaz, ƙarya yake yi.

Gidanta na farko: cibiyar adana bayanai

Gajeren zango illa ce a fili, amma a cikin ɗaki rufaffe ba ya da wata matsala. Shi ya sa ƙa'idar IEEE ɗin ta ambaci sadarwa tsakanin sassan na'ura ɗaya da kuma tsakanin kwamfutocin cibiyar adana bayanai a cikin ayyukan da aka tsara ta dominsu.

Cibiyar adana bayanai gini ne mai cike da dubban kwamfutoci a jere cikin akwatuna masu tsawon mutum. Can ne saƙon WhatsApp ke bi, can bidiyon TikTok yake, can ne kuma banki ke tabbatar da kuɗin da mai POS ya cire. Babbar matsalar waɗannan gine-gine a yau ita ce jigilar bayanai daga wannan cip zuwa wancan. Akwatin GB200 NVL72 da kamfanin Nvidia ya nuna a Maris 2024 domin ayyukan ƙirƙirarriyar basira yana haɗa manyan cip 72 da wayoyin tagulla kusan 5,000, waɗanda tsawonsu a haɗe ya haura kilomita uku. Duk a cikin akwati ɗaya.

Tagulla tana da iyaka: idan gudu ya ƙaru, saƙo yakan raunana bayan 'yan mitoci, wutar da ake ci ta ƙaru, zafi ya ƙaru. Wayar gilashi ta fayiba tana magance nisa, amma sai an juya lantarki zuwa haske a wannan baki, a sake juya shi a wancan, kuma na'urorin juyin suna da tsada da cin wuta. Masu binciken terahaz suna neman hanya ta uku: cip ya yi magana da cip kai tsaye ta iska, ko ta cikin siririn zaren roba. A 2021 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna irin wannan zare, siriri kamar gashi, yana ɗaukar gigabit 105 a daƙiƙa tsakanin cip biyu.

Dalilin damuwa da wannan shi ne wuta. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa cibiyoyin bayanai sun ci kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024. Duk abin da ya rage wannan nauyi zai rage kuɗin gudanar da su, kuma hakan ya fi muhimmanci a Najeriya, inda irin waɗannan cibiyoyi suke dogaro da janareta, kuma mafi yawansu, kamar Rack Centre da MDXi, suna Legas.

Sai dai a yi adalci: fayiba ba ta zauna tana jira ba. Tuni ake sayar da na'urorinta masu gudun gigabit 400 da 800. Terahaz tana iya samun gurbi a cibiyoyin bayanai, tana kuma iya shan kaye. Ko ta yi nasara, mai waya a Kafur ba zai gan ta ba. Abin da zai ji a jikinsa shi ne ko saƙo ya tafi ko bai tafi ba, kuma wannan ya dogara ne da abubuwa masu girma fiye da cip. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta tsaya cik a sassan Najeriya. Babu gudun da ke cikin akwatin kwamfuta da zai hana hakan.

Tambarin da bai kai ƙwayar dawa ba

A nan ne labarin ya dawo kan buhun taki. Tambarin rediyo, wanda aka fi sani da RFID, ba sabon abu ba ne. Yana cikin katin banki da ake ɗorawa a kan POS ba tare da an zura shi ba, wanda ke aiki a megahaz 13.56. Yana kunnen shanu a ƙasashen da ke rajistar dabbobi, a kilohaz 134.2. Yana jikin kwalaye a manyan rumbunan kaya, a zangon megahaz 860 zuwa 960. Ba shi da batir: na'urar karantawa ce ke aiko masa da igiya, shi kuma ya mayar da ita ɗauke da lambarsa.

Raunin wannan tsohon tambari biyu ne. Eriyarsa tana da girma, don haka ba ya zama a kan ƙananan kaya. Sannan ana iya ɓamɓare shi daga kaya na gaskiya a manna wa na jabu, na'ura ta karanta ta ce lafiya lau.

A Fabrairun 2020 rukunin Farfesa Ruonan Han na MIT ya gabatar da tambarin terahaz mai faɗin murabba'in milimita 1.6, da eriyarsa da komai a kan cip ɗaya. Yana samun wutarsa daga haske, yana ɓoye saƙonsa da lissafin sirri, ana karanta shi daga nisan kusan santimita biyar. A Fabrairun 2024 rukunin ya dawo da wani mai faɗin murabba'in milimita huɗu, da dabarar da ta fi ta farko. An cuɗa ƙananan ɓarɓashin ƙarfe a cikin gam ɗin da ake manna tambarin da shi. Yadda ɓarɓashin suka watsu a ƙarƙashinsa ba ya taɓa zama iri ɗaya sau biyu, kamar zanen yatsa. Igiyar terahaz tana leƙawa ta karanta wannan zane. Wanda ya ɓamɓare tambarin ya lalata zanen, kuma ko ya sake manna shi ba zai dawo yadda yake ba. Masu binciken sun ce manhajarsu tana gane an taɓa shi da daidaiton da ya haura kashi 99 cikin ɗari, muddin na'urar karantawa tana tsakanin santimita huɗu da shi.

Idan aka ɗora irin wannan tambari a kan hatimin murfin maganin ciyawa ko bakin ledar iri, an toshe wata babbar ƙofa: tattara tsofaffin kwalabe na gaskiya a sake cika su da ruwan banza. A nan gajeren zangon ma alheri ne, domin ba wanda zai karanta tambarin daga nesa ba da sanin mai kaya ba.

Inda gizo ke saƙa

Tambari ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar abu huɗu, kuma kowannensu ya fi cip ɗin wahalar samu.

Na farko, na'urar karantawa. Babu wayar hannu a kasuwa yau da ke karanta terahaz. Ko NFC, da ya daɗe da fitowa, wayoyi masu araha da yawa ba su da shi. Tambarin na iya zama mai arha, amma idan na'urar karanta shi tana ɗakin bincike, manomi bai ƙaru da komai ba.

Na biyu, rajista mai gaskiya. Dole a adana zanen kowane tambari a wani rumbu tun daga masana'anta, domin a kwatanta da shi. Idan mai shigo da jabu zai iya sayen hanyar shiga wannan rumbu, tambarin zai zama shaidar zur mai hatimi.

Na uku, sabis. Kwatantawar tana buƙatar intanet. Mutanen yankin nan ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, wanda shi kansa ɗan ƙaramar hukumar Kafur ne. Watanni aka yi ana tafiya wani gari domin a buga waya. Duk tsarin tantance kaya da ba ya iya aiki ba tare da sabis ba, zai kwanta a irin wannan lokaci.

Na huɗu, yadda ake ciniki a zahiri. Ƙaramin manomi ba koyaushe yake sayen buhu cikakke ba. A tiya ko kwano yake auna taki daga buhun da aka riga aka farke, wani lokacin a tsiyaya masa maganin feshi a wata roba. Da zarar an buɗe buhu, tambarin da ke bakinsa ya gama aikinsa. Ba zai faɗi ko an gauraya yashi a ciki ba. Maganin wannan shi ne kamfanoni su riƙa fitar da ƙananan ƙulli masu hatimi, na kilo ɗaya zuwa biyar, kuma wannan shawara ce ta kasuwanci da hukuma, babu ruwan injiniyan cip.

Akwai darasi a abin da aka riga aka gwada. Tun 2010 hukumar NAFDAC ta fara tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani a tura ta saƙon tes domin a tabbatar da ingancinsa. Hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ta kawo irin wannan tsari mai suna SEEDCODEX domin ledar iri. A 2019 kuma aka sa hannu a kan dokar kula da ingancin taki. Tsarin kankare lamba na NAFDAC da na NASC suna aiki da ƙaramar waya mai tocila, ba sa buƙatar terahaz. Inda suke rauni shi ne mutane da yawa ba su san da su ba, saƙonnin ba da Hausa suke zuwa wa kowa ba, kuma wanda aka kama da jabu ba kasafai ake jin an hukunta shi ba. Sabon cip ba zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wani zai ce to me ya sa za a damu da terahaz tun da akwai lambar kankarewa? Domin lambar kankarewa tana da nata ramin: ana iya buga takardar bogi mai lambar wayar bogi, wadda za ta amsa da cewa kaya na gaskiya ne. Tambarin da ba ya kwafuwa kuma ba ya ɓamɓaruwa ci gaba ne na gaske. Abin da ake cewa shi ne a gina tsarin tun yanzu da kayan da ke hannu, domin ranar da tambarin ya yi arha ya tarar da wurin zama.

Aikin da ke gaban matasa

Matashin da ke riƙe da babbar waya a gidan manomi shi ne na'urar tantancewa ta farko da gidan yake da ita. Idan mahaifinsa ko yayansa za su sayi iri, ya bi su shago, ya nemi leda mai lambar kankarewa, ya tura lambar kafin a biya kuɗi. Ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin maganin feshi. Ya ɗauki hoton kwalba da rasit, ya ajiye. Idan kaya ya ci amana, hoton nan shi ne hujjar da za a kai wa malamin gona ko ƙungiyar manoma, kuma idan mutum goma suka kawo hoton kaya iri ɗaya, magana ta fi ƙarfin a share ta.

Ga masu sha'awar sana'ar fasaha kuma, ba a ƙera cip ɗin terahaz a Najeriya, amma duk abin da ke kewaye da shi aikin gida ne: manhajar rajistar kaya mai magana da Hausa, wadda za ta iya aiki ko babu sabis ta aika bayanai daga baya, girka na'urorin RFID a rumbunan hatsi da tashar tsandauri ta Funtua, gyaran na'urorin karantawa, haɗa fayiba. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kansa suna da matsala ta gaske a ƙofar gida.

Gwamnatin jiha da ke raba taki mai rangwame duk damina tana da damar fara gwaji: ta sa lamba ta musamman a kan kowane buhu, a karanta ta a rumbu, a karanta a wurin rabo, a wallafa adadin da ya isa kowace mazaɓa. Lambar QR ta takarda ta isa wannan aiki a yau. Idan aka ƙi yin sa da takarda, babu dalilin tsammanin za a yi shi da terahaz.

Saboda haka idan labarin terahaz ya sake fitowa a wayar matashin Kafur, tambayoyin da suka dace su ne: daga wane nisa ake karanta shi, nawa ne kuɗin na'urar karantawa, wa ke riƙe da rajistar, kuma me zai faru da wanda aka kama. Amsoshin nan ne za su nuna ko manomin da ya sayar da akuyarsa zai girbe masara a Oktoba.